Taurarin Babila da na manoman Funtua da Malumfashi: Abubuwan da ya kamata ka sani

A ƙasar noma ta kudancin Katsina, daga Funtua da Bakori da Danja har zuwa Ƙafur da Malumfashi, kalanda uku ke aiki a lokaci guda. Da watan Musulunci ake azumi da salla, da watan Bature ake biyan albashi da komawa makaranta, amma idan magana ta zo kan shuka, akwai dattawa da malaman zaure da har yau tambayarsu ita ce wane tauraro ake ciki. Wannan lissafi na uku yana da dogon tarihi, kuma wani reshe nasa ya taso ne daga Babila, tsohon birnin da kufansa ke kudu da Bagadaza a ƙasar Iraƙi. Ga bayanin sunayen da mutanen Babila suka sa wa taurari, da yadda masana suka gano waɗanne taurari ake nufi, da inda labarin ya haɗu da namu.

Me ya kai mutanen Babila ga kallon sama?

Noma da kalanda. Watansu irin namu ne, yana kamawa da ganin jinjirin wata. Wata 12 irin wannan kwana 354 ne, ya gaza shekarar rana da kwana 11. Su kuwa manoman sha'ir ne da ke ban ruwa daga kogin Furatu, suna shuka wajen Oktoba da Nuwamba, su yi girbi wajen Afrilu da Mayu. Da sun bar kalandar haka, a kwana a tashi watan girbi zai faɗo a lokacin shuka. Sai suka riƙa ƙara wata na 13 bayan shekara biyu ko uku, kuma taurari ne ke nuna musu shekarar da za a yi ƙarin.

Akwai dalili na biyu. Sun ɗauki taurari a matsayin alamun allolinsu, sarakunansu kuma suna ajiye masana a fada don su riƙa fassara abin da aka gani a sama. Wannan ya sa suka daɗe suna rubuta abin da ke faruwa dare bayan dare a kan allunan yumɓu, da wani rubutu mai kama da kawunan ƙusa. Rahotannin da suka tsira sun faro daga shekara ta 652 zuwa ta 61 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga lissafinsu mai tafiya sittin-sittin ne duniya ta gaji minti 60 a awa guda da digiri 360 a da'ira.

Kundin Garma

Babban kundin da ya tattara sunayen taurarinsu ana kiransa Mul-Apin, wato Tauraron Garma, domin da sunan wannan tauraro aka buɗe shi. Alluna biyu ne. Kwafi mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata an rubuta shi a shekara ta 686 kafin haihuwar Annabi Isa, amma bayanan cikinsa sun dace da yadda sama take tsakanin shekara ta 1400 da ta 1000. An samu wasu kwafin a ɗakin karatun Sarki Ashurbanifal a birnin Ninawa, kusa da Mosul ta yau, wanda aka tono a tsakiyar ƙarni na 19.

Kundin ya raba sama gida uku, kowane gida da sunan ɗaya daga cikin allolinsu. Hanyar Enlil ta arewa tana da taurari 33, hanyar Anu ta tsakiya 23, hanyar Eya ta kudu 15. Bayan jerin sunaye sai ya kawo ranar da manyan taurari ke fara bayyana a gabas kafin fitowar rana, da taurarin da ɗaya ke fitowa yayin da ɗaya ke faɗuwa, da waɗanda ke tsayawa a tsakar ka, da rukunonin da wata ke ratsawa a tafiyarsa. Har ƙa'idar ƙarin wata akwai: idan wata ya haɗu da gungun da mu muke kira Kaza da 'Ya'yanta a daren farko na watan farkon shekara, shekarar daidai take. Idan kuwa sai dare na uku suka haɗu, to kalanda ta yi gaba, a ƙara wata.

Sunayen da suka fito daga gona

Wanda ya karanta jerin zai ga cewa manoma da makiyaya ne suka raɗa sunayen. Ban da Garma, akwai Gona, wato manyan taurari huɗu masu kusurwa huɗu da masana falaki ke kira dandalin Pegasus. Akwai Ɗan Ƙodago, wanda daga baya ya koma Rago, burjin Hamal. Akwai Kwarin Kunya, wanda babban tauraronsa shi ne Simak na Larabawa. Akwai Keken Shanu, taurari bakwai na arewa da Larabawa ke kira Banatu Na'ash. Rukunin da Turawa ke kira Orion, mai taurari uku a jere a tsakiyarsa, su Makiyayin Sama suke ce masa. Tauraron da ya fi kowane haske da dare, Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, a wurinsu Kibiya ne.

Wasu sunayen sun iso zamaninmu ba tare da sun canja ba: Bijimin Sama, Manyan Tagwaye, Ƙaguwa, Zaki, Ma'auni, Kunama. Wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, masanan Babila suka raba hanyar da rana ke bi gida 12, kowane gida digiri 30. Wannan shi ne asalin buruji 12 da ke cikin littattafan hisabi: Hamal, Saur, Jauza, Saraɗan, Asad, Sumbula, Mizan, Aƙrab, Ƙaus, Jadyu, Dalwu da Hut. Sumbula, wato zangarniya, ta riƙe alaƙarta da gona tun daga Kwarin Kunya na Babila.

Yaya aka gane wane tauraro ake nufi?

Nan ne wahalar take. Allunan sun kawo suna, amma babu wanda ya rage da zai nuna da yatsa ya ce ga shi can. Harsunan Sumer da Akkad da aka rubuta allunan da su sun mutu, rubutun kansa sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka iya karanta shi. Masana sun bi hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce lissafin baya. A shekarun 1880, wani malamin kirista Bajamushe, Johann Strassmaier, ya kwafe ɗimbin alluna a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, abokin aikinsa Joseph Epping, masanin lissafi, ya ɗauki aikin warware su, suka fitar da sakamakon a 1889. Idan allo ya ce a dare kaza wata yana kusa da tauraro kaza da nisan kamu biyu, sai a lissafa inda wata yake a wannan dare, a duba tauraron da ke wurin. Da haka aka tabbatar da taurari kusan 30 da ke kan hanyar wata. Waɗannan su ne mafi inganci a duk jerin.

Ta biyu ita ce ranar bayyana. Kundin Garma ya ce Ɗan Ƙodago na bayyana ranar 1 ga watan farko, gungun Kaza ranar 1 ga wata na biyu, Muƙamuƙin Sa ranar 20 ga wannan wata, Kibiya ranar 15 ga wata na huɗu. Tazarar da ke tsakanin ranakun nan tana rage yawan taurarin da za a iya zato.

Ta uku ita ce fitowa da faɗuwa tare. Kundin ya nuna cewa idan Kaza ta fito, Kunama na faɗuwa. Wannan kowa na iya gwada shi a Funtua: a farkon Nuwamba, lokacin da dawa ta nuna ana kuma shirin ɗibar auduga, bayan magariba za ka ga Kunama tana nutsewa a yamma, Kaza na tasowa a gabas.

Ta huɗu ita ce gado, wato sunan da Girkawa suka karɓa suka riƙe, kamar Zaki da Kunama. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ta fi yaudara, domin kama da wane ba ta wane. Sunan na iya zama ɗaya alhali iyakar rukunin ta bambanta.

Saboda haka jerin da ake bugawa ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba. Taurarin da ke nesa da hanyar wata, musamman na kudu, har yau ana saɓani a kansu. Tauraron da suka kira da sunan birnin Eridu, wasu sun ce Suhail ne, wasu sun ce wasu taurari ne da ke arewa da shi. Ita kanta Garma, ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne ƙaramin rukunin nan mai kusurwa uku da ake kira Triangulum haɗe da wani tauraro na kusa da shi. Rukunoni 88 na yau kuwa sababbi ne: ƙungiyar masana falaki ta duniya ce ta amince da su a 1922, aka buga iyakokinsu a 1930. Ba dole ne rukunin Babila ya zauna cif a cikin ɗayansu ba.

Hanyar da ilimin ya bi zuwa ƙasar Hausa

Girkawa sun karɓi buruji daga Babila. Wajen shekara ta 150 miladiyya, masanin falaki Baɗlamus ya rubuta littafinsa a Iskandariya ta Masar, inda ya jera rukunoni 48 da taurari sama da 1,000. An fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 da sunan Almajisɗi. A shekarar 964, Abdurrahman as-Sufi ya rubuta littafin surorin taurari, ya ajiye sunayen Girkawa kusa da waɗanda Larabawan ƙauye ke amfani da su. Aikin da ya yi shi ne irin wanda masu nazarin allunan Babila ke yi a yau, wato daidaita sunan wata al'umma da na wata. Daga nan ilimin ya bi Magariba, ya ƙetare Sahara tare da fatake da malamai, ya sauka a Timbuktu da Agadas da Katsina da Kano.

Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya yi karatu a ƙasar nan, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741. Ya yi suna a ilimin lissafi da hatimai, kuma littafinsa ad-Durrul Manzum ya shafi ilimin taurari. Malaman Hausa kuma sun tsara sunayen taurarin lissafi cikin waƙoƙin ajami don almajirai su haddace. Wani masani Bature, Mervyn Hiskett, ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala da ya buga a 1967.

Taurari 28 na lissafin noma

Abin da manomi ke nufi da tauraro a lissafin damina shi ne manzili, wato masaukin wata. Guda 28 ne, kowanne kwana 13, ana ba ɗaya kwana 14 don a cika 365. An raba su bakwai-bakwai. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Na kaka su ne Sarfa, Iwa, Simak, Gufuru, Zubana, Iklil da Ƙalbu. Na ɗari sun fara da Shaula da Na'a'im da Balda, sai Sa'adu guda huɗu. Na bazara sun ƙare da Naɗha da Buɗaini da Surayya da Dabaran.

Kowanne yana da gurbinsa a sama. Haƙa'a ƙananan taurari uku ne a kan Makiyayin Sama. Hana'a tana ƙafafun Tagwaye, Zira'a kuma kawunansu biyu masu haske. Nasara wani ɗan gungu ne mai kama da hazo a tsakiyar Ƙaguwa. Jabha goshin Zaki ne, kuma a cikinta akwai tauraron da mutanen Babila ke kira Sarki. Sarfa wutsiyar Zaki ce. Ƙalbu shi ne jan tauraron da ke ƙirjin Kunama, Shaula kuma ƙarinta. Surayya ita ce Kaza da 'Ya'yanta, Dabaran kuma jan tauraron da ke biye da ita, a inda Babilawa suka ga Muƙamuƙin Sa.

A lura da abu biyu. Na farko, buruji 12 ne aka tabbatar sun fito daga Babila, manzilai 28 ba haka ba ne. Larabawa sun san taurarinsu tun kafin Musulunci, Ibn Ƙutaiba da ya rasu a 889 ya tattara bayaninsu a Kitabul Anwa'i, kuma Indiya da Sin suna da nasu tsarin na 27 ko 28. Na biyu, lokacin da ake cewa an shiga wani tauraro, ba a ganinsa. Ma'anar ita ce rana ta sauka a gurbinsa, haskenta ya rufe shi. Wanda ya fita neman Jabha a tsakiyar marka zai dawo hannu rabbana, sai a daren bazara ne zai ga Zaki a tsakar ka.

Wannan lissafi yana tafiya da watannin Ajami, wato Yunayar, Fabrayar, Maris har zuwa Dujambar. Tsohuwar kalandar Rumawa ce da manoman Magariba ke aiki da ita, kuma a yanzu tana bayan kalandar gwamnati da kwana 13. Amfaninta a fili yake. Musulunci ya hana ƙarin wata irin na da, saboda haka Ramadan na zagaya damina da rani, amma shuka ba ta zagayawa. Inda Babilawa suka gyara kalandar wata da taurari, malamanmu sun bar kalandar wata ga ibada, suka ajiye ta taurari ga gona.

Kaza, Zara da Gamzaki

Ban da sunayen Larabci, Bahaushe yana da nasa. Kaza da 'Ya'yanta ita ce mafi amfani ga manomi. Takan ɓace a yamma wajen ƙarshen Afrilu, daidai lokacin sharar gona da kai taki, ta yi kusan kwana 40 ba a ganinta, sannan ta sake bayyana a gabas da asuba a cikin Yuni, lokacin da damina ke kankama a yankin Funtua da Malumfashi. Ɓacewarta da dawowarta ba sa saɓa lokaci.

Zara da Gamzaki ba su da wannan amfani. Zara matar wata da ake gani da magariba, da Gamzaki na asuba, abu ɗaya ne: duniyar Zuhura, mai kewaya rana kamar tamu. Takan yi kimanin wata takwas a yamma, ta ɓace 'yan kwanaki, ta yi wasu wata takwas a gabas, ta sake ɓacewa kusan wata biyu. Zagayen duka kwana 584 ne, bai dace da shekara ba, don haka ba a auna damina da ita. Mutanen Babila sun gane haka da wuri. Suna ɗaya suka ba ta, Dilbat, kuma akwai allon da ya lissafa fitowarta da ɓacewarta na shekara 21 a zamanin Sarki Ammisaduƙa, wajen ƙarni na 17 kafin haihuwar Annabi Isa.

Me ya sa lissafin ke zamewa?

Dalili na farko shi ne duniya tana layi a hankali a kan kanta, zagaye guda cikin shekara kusan 26,000. Sakamakonsa, taurari na makara da kwana ɗaya a kowace shekara 72. Shekara 3,000 sun haifar da makarar da ta haura kwana 40. Shi ya sa Kaza da ke bayyana a Babila wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, yanzu sai Yuni. A lissafin Magariba, zangon Haƙa'a na kamawa a ƙarshen Mayu na kalandar gwamnati, alhali rana ba ta isa daidai taurarin Haƙa'a sai tsakiyar Yuni.

Na biyu shi ne wuri. Babila tana digiri 32 da rabi arewa da tsakiyar duniya, Funtua kuwa 11 da rabi. Taurarin kudu sun fi tashi sama a nan, tauraron arewa kuma ya fi sauka ƙasa, ranar bayyanar kowane tauraro ma takan ɗan bambanta.

Na uku shi ne yanayi. Bakwai ɗin da muka mayar na damina, a Magariba na tsananin zafi ne da fari. Mu ne muka ɗora musu ma'anar da ta dace da ƙasarmu, kuma dacewar ba ta cika ba. A takarda kaka na shiga da Sarfa a ƙarshen Agusta, amma a wannan yanki, inda ruwan shekara ke kai kimanin milimita 1,000, ana samun ruwa mai kyau duk Satumba har farkon Oktoba.

Ina iyakar addini?

Alƙur'ani ya ambaci manzilan wata a Suratu Yasin, da kuma a Suratu Yunus a matsayin hanyar sanin shekaru da lissafi, ya kuma ambaci gane hanya da taurari a Suratul An'am da Nahli. Hadisin Zaidu ɗan Khalid da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim kuma ya yi hani mai tsanani ga jingina saukar ruwa ga tauraro. A kan haka malamai suka raba ilimin gida biyu: sanin tafiyar taurari don lokaci da alƙibla, wanda ya halatta, da ƙudurce cewa suna da tasiri a kan rabo ko ajali, wanda aka hana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana gargaɗi a kan masu duba da taurari. Babilawa sun haɗa ɓangarorin biyu wuri guda. Abin da ya amfani duniya daga gare su shi ne awo da lissafi. Shafukan nan na intanet masu faɗa wa mutum sa'arsa bisa burjin haihuwarsa, ragowar ɗaya ɓangaren ne.

Abin da ya rage ga manomin yau

Tauraro yana faɗin lokacin shekara ne kawai, ba ya faɗin ruwa. Kaza ta fito a kan lokacinta a 1973 da 1984, amma aka yi fari. Noma kuma ya canja. Tun daga shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, masara da takin zamani suka mamaye yankin, kuma kowane iri yana da adadin kwanakinsa. Wanda zai zuba kuɗi a iri da taki yana bukatar hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, da shawarar malaman gona da ta cibiyar binciken noma ta Samaru. Lissafin taurari yana nan a matsayin ma'aunin kwanaki da ke gaya wa manomi ko damina ta yi wuri ko ta makara, da kwana nawa suka rage masa.

An iya gano taurarin Babila ne domin masanansu sun rubuta suna tare da rana da gurbi. Namu sunayen, da abin da dattawa suka lura da shi game da kowane tauraro, mafi yawansu a ka suke. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Katsina da Dutsin-Ma, da malaman makarantun Funtua da Malumfashi, su tura ɗalibai wurin tsofaffin manoma da makiyaya da malaman hisabi. A fita da su da dare su nuna tauraron, a rubuta sunan da garin da kwanan wata da lokaci da ɓangaren sama, a kuma gwada da manhajar taurari ta wayar hannu. A yi wannan aiki yanzu, tun masu sanin suna raye.